Su waye ma suka yi Among Us ɗin nan?

Duk wanda ke zaune a ƙasar nan ta Saudiyya ya san yanzu in ana maganar gem, wato wasannin waya da kwamfuta, to maganar biliyoyi ake. A Satumba 2022 aka sanar cewa Savvy Games Group, kamfanin da ke ƙarƙashin PIF, asusun zuba jarin gwamnatin Saudiyya, zai zuba riyal biliyan 142 a harkar, a 2023 ya sayi kamfanin gem na waya Scopely kan dala biliyan 4.9, a 2024 aka yi Esports World Cup a Riyad kyautar da aka saka ta haura dala miliyan 60, sai kuma Satumba 2025 muka wayi gari da labarin PIF da abokan cinikinsa sun ƙulla sayen EA ɗungurungum kan dala biliyan 55, EA ɗin nan dai mai gem ɗin ƙwallo da shabab, wato samari, ke kwana a kai a istiraha, gidajen shaƙatawa. Masha Allah, ni ina murna da wannan don aiki zai samu. Amma akwai abin da yake min ciwo, yaranmu na Makka da Jidda da Madina, 'ya'yan Hausawa masu kaifin ƙwaƙwalwa wallahi, jin waɗannan lambobin ya sa sun ɗauka yin gem sai wanda yake da bene a Riyad da ɗaruruwan ma'aikata, su nasu kawai su sauke su buga. Shi ya sa nake son in ba da labarin Innersloth, kamfanin da ya yi Among Us, don kusan duk yaran nan sun buga gem ɗin amma in ka tambaye su waye ya yi shi sai su ce ai wani babban kamfani ne a Amurka.

Mutum uku ne fa. Marcus Bromander, Forest Willard da Amy Liu. Marcus mai zane ne kuma shi ke tsara yadda wasa zai tafi, tun kafin a kafa kamfanin an san shi a shafin Newgrounds da sunan PuffballsUnited, shi ne mai Henry Stickmin, jerin ƙananan wasannin nan na Flash, fasahar da ake buga wasa da ita a shafin intanet, da ya fara fitarwa a 2008, wani ɗan siririn mutum da aka zana da layi-layi yana ƙoƙarin fasa banki ko tserewa daga kurkuku kai kuma kana zaɓar masa dabara, yawancin dabarun su ƙare da ya sha ƙasa ka yi ta dariya. Wanda ya yi zamanin kafen intanet zai iya tunawa. Forest shi ne mai rubuta manhaja, sun haɗu da Marcus tun suna karatu a Jami'ar Jihar Oregon, ya yi aiki a Microsoft kafin ya ajiye ya rungumi wannan. Amy ita ma zane take yi, tana kuma haɗawa da sauran hidimomin da ƙaramin kamfani ba ya iya ɗaukar ma'aikaci dominsu. An kafa Innersloth a 2015 a garin Redmond na jihar Washington, garin da hedikwatar Microsoft take, da ta Nintendo reshen Amurka, wato suna maƙwabtaka da giwaye amma su mutum uku ne da kwamfutocinsu. Sun fara da wani ƙaramin gem na waya mai suna Dig2China, kana tona ƙasa kana nutsawa, bai yi wani tashe ba.

Tunanin Among Us daga wani wasan zaure ya samo asali, wanda ake ce wa Mafia, wani ɗalibin ilimin halayyar ɗan Adam mai suna Dimitry Davidoff ne ya ƙirƙiro shi a jami'ar Mosko a 1986. Ana zama a da'ira, a ɓoye a zaɓi mutum biyu ko uku su zama miyagu, kowa ya rufe ido su nuna wanda za su kawar, a buɗe ido a hau musu kan waye ya yi. Marcus ya buga shi tun yana yaro, sai ya ce me zai hana a ɗauke wasan a kai shi cikin kumbon sama jannati. Har yau in ka duba adireshin gem ɗin a Google Play za ka ga spacemafia a ciki, sunan da suka fara kiransa da shi ke nan. Amma shi Mafia na zaure yana da matsala biyu da duk wanda ya buga ya sani, wanda aka kawar da wuri sai ya zauna ya naɗe hannu yana hamma har a gama, sannan musun kansa babu hujja a ciki, zargi ne kawai, na ga idonka na rawa, na ji muryarka ta canja. A nan ne nake ganin basirar Marcus take.

Abin da ya yi shi ne ya ba kowa aiki. Kuna cikin kumbo, kowa da kalarsa, ja, shuɗi, kore, ruwan ɗorawa, an raba muku ayyuka, wannan ya je ya haɗa wayoyin lantarki, wancan ya goga kati, wani ya zuba wa inji mai, wani ya zubar da shara. A cikinku akwai munafuki ɗaya zuwa uku, yara suna ce masa imposta, shi ba ya iya yin aikin sai dai ya yi kamar yana yi, yana jiran ya same ka kai kaɗai a lungu ya gama da kai, yana iya kashe wuta ko ya lalata iskar shaƙa don ya tarwatsa ku, yana iya shiga ramin iska ya ɓulla a wani ɗakin. Da an tsinci gawa ko wani ya danna maɓallin taron gaggawa sai komai ya tsaya a zauna a yi magana, ina kake, wa ya gan ka, me ya kai ka ɗakin lantarki alhali ka ce aikinka na asibiti ne, a jefa ƙuri'a a wurgar da wanda aka fi zarga zuwa sararin samaniya, ko da gaskiya ko da zalunci. Wanda ya mutu kuma yana zama fatalwa ya ci gaba da ayyukansa, don in aka gama ayyuka duka to mutanen kirki sun ci. Kaga ke nan an samu hujja, an samu shaida, an samu inda mutum zai ce na gani da idona, kuma babu mai zaman banza. Zanen kuwa ɗan yaro ma zai iya kwaikwaya, mutanen ko hannu ba a gani a jikinsu sai in za su yi wani abu.

Ranar 15 ga Yuni 2018 suka sake shi a Android da iOS, kuma jama'a babu wanda ya waiwaye shi. Wannan wurin nake son a tsaya a kai sosai don shi ne wurin da ake tsallakewa in ana ba da labarin. Lokacin da ya fito ba a ma iya buga shi ta intanet, sai kuna ɗaki ɗaya a kan wayifai ɗaya, taswira guda ɗaya ce tal wadda daga baya aka sa mata suna The Skeld, ko sauti babu a ciki saboda in kuna zaune kusa da juna ƙarar wayarka za ta tona maka asiri. Da abokansu 8 suka riƙa gwada shi, ba su taɓa samun mutum 9 ko 10 sun cika ɗakin ba kafin su sake shi alhali gem ɗin na mutum 10 ne, kuma Forest ya faɗa cewa gwajin azaba ne, ana cikin wasa abu ya lalace sai ya koma ya gyara ya sake turawa ta Google Play kowa ya jira ya sauke. Bayan fitowarsa, mutanen da ke bugawa a lokaci guda a duk faɗin duniya tsakanin 30 ne zuwa 50. Duk duniya fa. Sahu ɗaya na masallacin unguwarmu ya fi haka. Marcus da bakinsa ya ce su ba su iya talla ba sam, kuma sun sha cewa a bar abin nan haka nan a kama wani.

Abin da ya hana su bari shi ne waɗannan 'yan tsirarun ba su yi shiru ba, kullum suna rubuto musu, a gyara kaza, a ƙara kaza, mu fa ba mu da abokai 10 a ɗaki ɗaya ku sa a riƙa bugawa ta intanet. Suka saurara. Cikin shekarar suka sa wasan onlayin, suka kai shi kwamfuta, ranar 16 ga Nuwamba 2018 ya shiga Steam, kasuwar gem ta kwamfuta, a kan dala 5, a waya kuma kyauta da talla, sai 'yan huluna da kaya da dabbobin rakiya da mai so zai saya. Suka haɗa mai waya da mai kwamfuta a ɗaki ɗaya, wanda ni a ganina wannan na cikin manyan dalilan da suka sa daga baya ya shiga gidaje irin namu, don ba kowane gida ke da PlayStation ba amma kowane gida akwai tsohon jawwal, wato wayar hannu, a durowa. Akwai lokacin da kusan duk sati sai sun saki gyara. Saba ɗin da suka fara da ita, wato kwamfutar da ke haɗa 'yan wasa, ta kyauta ce daga Amazon kuma Forest ya ce ba ta da kyau ko kaɗan. Shi da kansa ya amsa cewa in da lissafin kasuwanci zalla za a bi, sun daɗe a kan gem ɗin fiye da yadda ya kamata.

Wani abin da mutane ba su sani ba, ba Amurkawa ne suka fara gane shi ba. Koriya ta Kudu ce da Barazil, sai Meziko, masu bidiyon YouTube da masu watsa wasa kai tsaye na can suka ɗauka suka riƙa bugawa da harshensu, mabiyansu suka sauke. Da wannan ɗan motsin suka samu ƙarfin yin taswira ta biyu MIRA HQ a Agusta 2019, da ta uku Polus a Nuwamba 2019, da farko ana sayensu dala 4 kowace, a Yuni 2020 suka mayar da su kyauta. Shi kuma Marcus hankalinsa rabi na kan tattara Henry Stickmin wuri ɗaya saboda Flash zai mutu a ƙarshen 2020, tarin ya fito a Steam a Agusta 2020.

Toh sai ga korona. Mu a nan Makka ba sai an tuna mana ba. Ƙarshen Fabrairu 2020 aka dakatar da masu zuwa Umra daga waje, 2 ga Afrilu aka sa dokar hana fita awa 24 a Makka da Madina, mu a Makka ba a sake mu ba sai 21 ga Yuni, Hajjin shekarar kuma 'yan tsiraru ne daga cikin ƙasa suka yi. Wanda ya san rayuwar mutanenmu na unguwannin Shari'a Mansur da Misfala ya san me wannan ke nufi, mai tura keken alhazai, mai dafa tuwo da masa tana kaiwa masaukin 'yan Najeriya da Nijar, mai tafinta, mai aikin otal, mai ɗinki, duk abincinsu a jikin baƙi yake, baƙi kuma suka ɗauke ƙaf. Gida ya cika da mutane babu aiki babu fita, ƙarshen Agusta aka koma makaranta amma ta Madrasati, manhajar karatu ta intanet, wato yaro yana riƙe da jawwal tun safe da izinin iyaye. Daidai wannan lokacin gem ɗin ya fashe. A Yuli 2020 wani shahararren mai watsa wasa a Twitch da ake kira Sodapoppin ya fara bugawa da abokansa, su xQc da Pokimane da Ninja da PewDiePie suka biyo, daga nan masu YouTube na Larabawa suka kama, cikin 'yan makonni sai ga shi a wayar kowane yaro a hararmu, wato unguwarmu.

Lambobin sai ka riƙe baki. Gem ɗin da mutum 30 zuwa 50 ke bugawa, a ƙarshen Satumba 2020 ya kai mutum miliyan 3.8 a lokaci guda, a Steam kaɗai sun haura 400,000. Ranar 20 ga Oktoba 'yan majalisar Amurka biyu, Alexandria Ocasio-Cortez da Ilhan Omar 'yar asalin Somaliya, suka buga a Twitch don jan hankalin matasa su fita zaɓe, masu kallo suka wuce 430,000. Kamfanin ƙididdiga na SuperData ya ce a Nuwamba kusan mutum miliyan 500 ne suka buga shi cikin wata ɗaya, ya kuma ce masu kwamfuta kashi 3 ne kacal cikin ɗari na 'yan wasan amma su suka kawo kashi 64 na kuɗin, ya'ani mu masu bugawa kyauta a waya mu ne taron, su ne kasuwar. A Disamba ya ci kyauta biyu a The Game Awards, gem ɗin taro mafi kyau da gem ɗin waya mafi kyau, shekara biyu da rabi bayan fitowarsa. Duk wannan kuma mai rubuta manhajar mutum ɗaya ne, Forest.

A gidanmu yadda ake bugawa ya fi na Twitch daɗi in ka tambaye ni, don mu ba ma buƙatar Discord, manhajar da 'yan wasa ke magana da juna daga nesa, ana baje a falo ne, 'ya'yan yayyena da ƙannena da na maƙwabta, kowa ya juya bayan wayarsa ga ɗan'uwansa, in an kira taro sai falon ya kaure da Hausa da Larabci a cakuɗe. Yaya wallahi ba ni ba ce, ahmar ne, jan nan, na gan shi ya fito daga rami. Ke kazzaba, ina tare da azrak, shuɗin nan, tun ɗazu, ka faɗa musu mana. A nan ne Kawu ya shigo maganar, don shi abin bai kwanta masa ba ko kaɗan. Ya kira ni gefe ya ce, kai ne babba a cikinsu, wane irin wasa ne wannan da wanda ya fi iya ƙarya shi ke ci, kuma ina ji da kunnena yarinya tana rantsuwa da Allah alhali ita ce ta yi kisan. Na ce Kawu, ƙaryar kowa ya san wasa ce an yarda da ita tun kafin a fara, amma maganar rantsuwa gaskiyarka ne ba ni da ta cewa. Hajiya ce ta raba gardamar, ta kafa doka daga kan kujerarta, duk wanda ya ce wallahi ko tallahi a cikin wasan nan a jefa masa ƙuri'a a fitar da shi ko ba shi ba ne. Kuma abin mamaki wasan sai ya ƙara armashi, don da aka hana rantsuwa dole yaro ya kawo hujja, ina ne ka tsaya, wane aiki ka yi, wa ya wuce ka. Na ga yarinyar da ko baƙo ba ta iya gaisarwa da ƙarfi tana jera shaida ɗaya bayan ɗaya har ta kama yayanta. Damuwar Kawu ta biyu ita ma tana da tushe, ɗakunan da ake shiga da baƙi a lokacin babu mai sa ido kan abin da ake rubutawa, kuma kamfanin bai sa tsarin zaɓaɓɓun jimloli na ƙananan yara da tsarin asusu da kai ƙara ba sai a 2021. Mu dai dokar ita ce ɗaki na sirri da lamba, ba a shiga na jama'a.

Yanzu ga shawarar da ta sa nake girmama mutanen nan. A Agusta 2020 da suka ga abu ya fara tashi sai suka sanar za su yi Among Us 2, kuma dalilinsu a fili yake, manhajar an rubuta ta ne don mutum 10 a ɗaki ɗaya, an yi ta ɗora mata kaya shekara biyu, duk abin da ka taɓa sai wani ya karye, wanda ya taɓa rubuta manhaja ya san irin wannan, wani lokacin sake sabo daga tushe ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan gyaran tsoho. Ta fuskar kuɗi ma sabon ya fi, a sa masa farashi, ko kashi kaɗan na mutanen nan suka saya an gama. Ranar 23 ga Satumba, ana tsakiyar tashen, suka fito suka ce sun fasa, za su zauna su warware tsohuwar manhajar su gyara ta daga ciki, duk abin da suka shirya wa na biyun za su zuba shi a na farkon. Sun zaɓi hanya mai wuya ke nan, kuma wanda ya ci ribar wannan zaɓin shi ne yaron da ke bugawa kyauta a tsohon jawwal ɗin babarsa, don da an yi na biyun da an raba jama'a gida biyu, masu iya saya su wuce, marasa hali a bar su a kango.

Sun kuwa biya farashin. Sabobi suna ta faɗuwa saboda cunkoso Forest yana fama dare da rana, a Oktoba wani mai kutse ya cika ɗakunan jama'a da saƙonnin banza da barazana har sai da aka yi gyaran gaggawa aka roƙi mutane su koma ɗakunan sirri. Taswira ta huɗu The Airship, wadda aka ɗauko daga duniyar Henry Stickmin, an nuna ta a Disamba amma ba ta fito ba sai 31 ga Maris 2021, kuma a watannin nan babu irin zagin da ba su sha ba, malalata ne, sun samu kuɗi sun kwanta, gem ya mutu. Alhali a lokacin suna koyon abubuwan da ba su taɓa yi ba, ɗaukar ma'aikata, lauyoyi, kwangila da Nintendo da Sony da Microsoft, masu buga kayan jabu da zanensu. A Nuwamba 2020 ne ma suka ɗauki Victoria Tran ta riƙe hulɗa da jama'a. Amy Liu ta faɗa a wata hira a 2021 cewa ta ƙone ƙurmus da gajiya, ga matsin lamba ga korona ta hana ta ganin 'yan'uwa. Sai kuma a Agusta 2021 Fortnite ya fito da wani salon wasa mai suna Impostors wanda har tsarin ɗakunansa ya yi kama da The Skeld, ba tare da an ambaci sunansu ba, ma'aikatan Innersloth suka nuna ɓacin ransu a fili, sai a Oktoba Epic, kamfanin da ya yi Fortnite, ya amsa cewa daga Among Us ya samo tunanin. Ni abin ya ɓata min rai a lokacin, kamfani mai wannan ƙarfin ko sallama bai yi ba.

Tashen ya sauka, wannan ba abin ɓoyewa ba ne, an buɗe gari kowa ya koma harkarsa, Umra ta dawo a hankali tun daga 4 ga Oktoba 2020, yaran hararmu suka koma PUBG da ƙwallo, manya suka koma kartarsu ta balot. Su kuwa suka ci gaba da aikinsu kamar yadda suka yi lokacin mutum 50. Gem ɗin ya shiga Switch na Nintendo a Disamba 2020, ɗaki mai mutum 15 a Yuni 2021, sababbin matsayi irin su injiniya da mai rikiɗa a Nuwamba 2021, PlayStation da Xbox a Disamba 2021, na tabarau mai nutsar da kai cikin wasa a Nuwamba 2022 tare da Schell Games, salon ɓuya a Disamba 2022, taswira ta biyar The Fungle a Oktoba 2023.

Na san abin da wasu za su ce, abokina ma da muke aikin shafukan intanet tare kullum shi yake faɗa, sa'a ce kawai, ba don korona ba da babu wanda zai san su. Ban ƙi ba, rabo daga Allah yake, kuma akwai dubban ƙananan wasanni masu kyau da suka mutu babu wanda ya ji sunansu, duk wanda ya ce maka in ka yi haƙuri dole ka zama Innersloth yaudararka yake. Amma ruwa ba ya tsami banza. Lokacin da duniya ta kulle a gida tana neman abin da za ta yi da 'yan'uwa daga nesa, gem ɗin yana nan da rai, yana aiki ta intanet, yana da taswira uku, yana hawa kan waya mai arha, kyauta ne, ana koyonsa cikin minti biyar. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan wani abu ne da suka ƙara a shekara biyun da babu mai kallonsu. Da sun rufe shi a ƙarshen 2018 kamar yadda lissafi ya nuna, korona za ta zo ta wuce ba ta same su ba.

Kuma ku duba me suka sayar. Injin Unity da suka yi amfani da shi kowa na iya saukewa ya fara koyo ba tare da ya biya riyal ɗaya ba. Babu zane mai tsada, babu labari mai tsawo, ainihin wasan ma a bakin mutane yake faruwa, manhajar filin musu kawai ta shimfiɗa. Mu kuwa in dai musu ne da zolaya da iya zance ai gidanmu aka zo. Muna da dara, muna da langa, muna da wasan 'yar ɓoyo da kacici-kacici da wasan kara da taubasai ke yi, muna da 'yan'uwa a warwatse daga Kano zuwa Damagaram zuwa Wad Madani zuwa Jidda da ke neman abin da zai haɗa su bayan gaisuwar WhatsApp. Larabawa sun gane wannan da wasannin kartarsu, Jawaker da aka fara a Jodan da su balot da tarnib, kamfanin Stillfront na Suwidin ya saye shi a 2021 kan dala miliyan 205. A 2021 ɗin dai aka sa harshen Ailan a cikin Among Us, harshen da masu magana da shi kullum ba su kai 100,000 ba, kuma masoya gem ɗin ne suka haɗu suka yi fassarar kamfanin ya karɓa ya saka. Hausa mai mutum miliyoyi babu ita a ciki, kuma ban ga laifin Redmond a nan ba.

Wani abin da suka yi kuma shi ne a Yuni 2024 suka sanar da Outersloth, wani asusu da suke ɗaukar kuɗin da Among Us ya kawo suna ba ƙananan masu yin gem su ƙarasa aikinsu, saboda sun san yadda ake ji in kana da abu a hannu babu mai taimaka maka. Cikin waɗanda suka fara ɗauka akwai Mars First Logistics da One Btn Bosses da Battle Suit Aces, akwai kuma na kamfanin Outerloop Games da aka fara kira Project Dosa daga baya ya zama Dosa Divas, labarin wasu 'yan'uwa mata biyu da mutum-mutuminsu suna girki suna faɗa da wani katafaren kamfanin abinci. Dosa ɗin nan dai da muke ci a gidajen abincin Indiyawa a Aziziyya da Jidda, ƙullun shinkafa ne da aka bari ya yi tsami aka soya shi da faɗi, kusan sinasir ɗinmu. Mutanen da suka yi shi abincin gidansu suka ɗauka suka gina gem a kai, suka nema, kuma Innersloth ta biya.